Famfon da ake zurawa ta cinya: a sayar da garka a fitar da Baba waje?

Ɗan Adar: Assalamu alaikum mutanen zaure. Ku gahwarce ni, yau ba kuɗin buhun albasa na zo tambaya ba. Tsohona na kwance Yamai, yau kwana goma sha tara. Ciwon ƙirji ya kama shi gida Tawa cikin dare, munka ɗauka gyambon ciki ne da ya saba kuka da shi, munka jiƙa mishi kanwa. Sai kwana na ukku munka kai shi asibiti, anka ce jijiyar zuciya ta toshe, mu wuce Yamai. Yanzu alhamdu lillahi shina ci shina hira, amma in ya tahi bayi ya dawo sai ya zamna shina haki, ƙahwahu sun kumbura, ba shi iya kwana sai an tada mishi kai da matashi ukku. Lokotoro ya ce zuciyar ta yi rauni, ya rubuta magunguna, jibi za su sallame mu.

To ɗan kawuna da ke Baljiyam ya turo wani bidiyo. Wani ɗan pampo ne da bai kai kaurin bik na rubutu ba, ana zura shi ta cinya har cikin zuciya, ba a tsaga ƙirji, shi ke tura jini zuciya ta huta. Tun jiya gidanmu ya rabu biyu. Yayana ya ce a saida garka a kai Baba Tunusiya ko Turkiyya a sa mishi. Inna ta ce garkar nan ita muke ci. Ni ina tsaka. Wanda ya san abin ga ya taimake ni da gaskiya.

Hajiya Rabi: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Sannu ɗana.

Alhaji Mai Goro: Allah ya tashi kafaɗunsa. Yaro, ban ga abin shawara a nan ba. Garka ƙasa ce, in kun sayar kuna iya sayen wata. Uba fa? Yayanka ya fi ka gaskiya. In da rai da rabo.

Dakta Hamisu: Amin ga addu'o'i. Alhaji, ku yi mini uzuri in ɗan tsaya tsakaninku da yaron nan kafin a kira dillali. Ɗan Adar, an yi wa Baba hoton zuciya na eko? In an yi, duba takardar, za ka ga wani adadi da alamar kashi cikin ɗari. Sannan ka gaya mini: yana fitsari sosai? Hannunsa da ɗumi? Hankalinsa daidai?

Ɗan Adar: An yi, Lokotoro. An rubuta 30. Hitsari kam har ya gaji da tashi tun da anka hwara ba shi maganin. Hankali garau, ɗazu ma shina tambayata ko an ba tumaki dusa.

Dakta Hamisu: To madalla. Wannan 30 ɗin na nufin duk bugu ɗaya zuciyar tana fitar da kashi 30 cikin ɗari na jinin da ke ɗakinta na hagu. Ta mai lafiya tana fitar da 55 zuwa sama. Ta yi rauni da gaske, amma tana aikinta.

Abin da ke cikin bidiyon sunansa Impella, na yi aiki kusa da shi lokacin da nake horo a waje. Gaskiya ne ta jijiyar cinya ake shigar da shi. A tura shi sama ta babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, ya ƙetare ƙofarta, bakinsa ya zauna cikin ɗakin hagu. Can yake tsotsar jini, ya zubo shi bayan ƙofar. Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne ɗaya ƙarshen. Wutsiyarsa tana waje, ta fito daga cinya ta haɗu da wani inji a gefen gado. Mara lafiya yana kwance rigingine a ɗakin reya, wato ɗakin masu ciwo mai tsanani, ba ya lanƙwasa ƙafar, ana ɗura masa maganin tsinka jini dare da rana. Irin wanda ake sawa ta cinya, kwana 4 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a bar shi. Akwai babba da ake sawa ta jijiyar kafaɗa da ɗan tiyata, shi kuma har kwana 14. Daga nan dole a zare. Ba wanda ke komawa gida da shi.

Kuma ba ya warkar da komai. Aro ne. Mutumin da zuciyarsa ta durƙushe farat ɗaya, jini ya faɗi, hannu da ƙafa suka yi sanyi, fitsari ya ɗauke, ya fara sambatu, shi ake ara wa kwana biyu uku kafin a buɗe jijiyar da ta toshe zuciya ta farfaɗo. Mai tambayar ko an ba tumaki dusa ba ya cikin wannan hali. Ko yau ka sauke Baba a Tunis da kuɗin garka a aljihu, likitan kirki ba zai sa masa shi don kumburin ƙafa ba.

Alhaji Mai Goro: Likita, ai hutu magani ne. Ko jaki in ya gaji ka sauke masa kaya kwana huɗu, ya tashi da ƙarfinsa.

Dakta Hamisu: Haka ne Alhaji, in gajiya ce. Naman zuciyar da ya rasa jini kwana uku ya riga ya mutu, tabo ya maye gurbinsa. Tabo ba ya bugawa ko an ba shi hutun shekara. Wanda ya suma ne bai mutu ba hutu ke tayarwa, shi ya sa awoyin farko suke da tsada haka.

Ɗan Adar: Kenan kanwar da munka ba shi...

Majo Balki: Kada ka ɗora wa kanka wannan, ƙanena. Shekara ashirin ina aikin jinya, cikin masu irin ciwon nan da na karɓa kaɗan ne ba su fara da maganin ciki ba. Ciwon yakan zo a ƙahon zuci, da amai da zufa, kowa sai ya ce ciki ne. Amma daga yau kanwa ta haramta ga Baba, gishiri ce a wata riga.

Illa mai gyaran inji: Ni ba na cikin ƴan boko, amma shekara goma sha biyar ina kwance injin ban ruwa ina ɗaurawa, daga Tamaske har Galmi. Lokotoro, abin da bai kai bik ba, ruwa nawa shika turawa? Kuma mi ke juya shi?

Dakta Hamisu: Malam Illa, kai za ka fi kowa gane shi. Ɗan inji ne na lantarki a bakin tiyon, kaurinsa bai kai milimita 5 ba, da farfela mai murɗe kamar kusar sukuru. Tana juyawa har sau 46,000 a minti, tana tura lita 3 da rabi zuwa 4. Zuciyar babban mutum yana zaune tana tura wajen lita 5.

Illa mai gyaran inji: Dubu arba'in da shidda! Namu na garka dubu ukku da ɗari shidda shika yi, kuma in ya wuni sai ka soya ƙwai bisa kanshi. To ni ga tambayata. Mu in bakin tiyo ya kwanta cikin laka ko ya manne da bangon rijiya, sai ya shaƙe, tiyo ya motse, inji ya kama kuka. Shi wanga in ya manne da bangon zuciya fa? Kuma jini ba ruwa ba ne, da ƴaƴa cikinshi. Abin da ke gudu haka ba shi niƙa su?

Dakta Hamisu: Wallahi da kana ajinmu da ka ci jarrabawa. Matsalolin biyu da ka faɗa su ne ke hana ma'aikatan reya barci. In ya gusa kaɗan ya manne, injin waje ya yi ta ƙara, sai an kawo eko an gyara masa zama. In kuma ya fara fasa jajayen ƙwayoyin jini, za ka ga fitsarin cikin leda ya koma kalar zoɓo, kuma wannan dattin ƙoda yake zuwa ya toshe. Ƙari a kan haka, ramin da aka huda a cinya yana zubar da jini, wani lokaci tiyon ya tare hanya ƙafar ta yi sanyi.

Kuma asalin abin ma daga wajenku yake. Wani likitan Amurka, Richard Wampler, ya je Masar a 1976 ya ga manoma suna ɗaga ruwa da wata doguwar kusa mai murɗe cikin bututu, dabarar da ake jingina wa Arkimidis tun kafin haihuwar Annabi Isa. Ya koma gida ya ƙanƙanta ta. A 1988 aka fara sa wa mutum a birnin Hustan, da sunan Hemopump. Wancan bai yi kasuwa ba. Wani injiniya Bajamushe, Thorsten Siess, shi ya ci gaba da tunanin a birnin Aachen har aka samu wannan na yanzu.

Illa mai gyaran inji: Ashe ɗan'uwan sana'a ne. Ku gaishe shi.

Malama Zara: Ina karatu tun ɗazu, na ga kamar ana neman a mai da abin nan dodo. Bari in ba da shaida, don ni a gidana aka yi. Muna zaune Faransa. Shekara biyu da suka wuce maigidana ya faɗi a falo bayan sallar isha, yana zufa kamar an watsa masa ruwa. Na kira lamba 15, ta agajin gaggawa na asibiti. Kafin awa ɗaya da rabi yana kan gadon da ake buɗe jijiya. Likitar ta fito ta ce mini zuciyar ta kasa, za su sa famfo, in ba haka ba ba ta jin zai kai asuba. Kwana uku ya yi da shi. An ƙara masa jini leda shida, cinyar ta yi baƙi har gwiwa, ƙodarsa ta tsaya aka yi mako biyu ana wanke ta. Na ga fitsarin zoɓon da Dakta ke faɗa da idona, na fita baranda na yi kuka. Amma yau shi ya kai yara makaranta. Don haka in an ce ba ya warkarwa, ni dai na san abin da ya riƙe mini miji.

Dakta Hamisu: Allah ya ƙara masa lafiya, Malama. Ba mu saɓa ba. Maigidanki shi ne ainihin wanda aka ƙera abin dominsa. Ki dai lura da awa ɗaya da rabin nan da kika faɗa a tsakiyar labari kamar ba komai ba.

Malama Zara: Na lura. Kuma ban biya ko tamma ba, inshora ta ɗauka. Da a gida ne ban san me za mu sayar ba.

Abdul-Karim: Ina gaida malamaina. Ni ɗalibi ne a sashen likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, shekara ta shida. Inna Zara, labarinku gaskiya ne, amma wanda aka sa wa ya rasu matarsa ba ta zuwa zaure ta ba da shaida. Shi ya sa ake gwaji a ƙirga.

Kafin wannan famfo akwai wani da ake zurawa ta cinya shi ma, balan-balan ce doguwa da ke zama cikin babbar jijiya. Ana hura ta da iskar heliyom lokacin da zuciya ta saki, a tsotse lokacin da za ta matsa. Adrian Kantrowitz ya fara sa wa mutum a 1967 a Niyok. Shekara arba'in da biyar duniya tana amfani da ita, kowa ya rantse tana ceto. Sai a 2012 Jamusawa ƙarƙashin Holger Thiele suka raba marasa lafiya 600 gida biyu, rabi da balan-balan rabi babu. Bayan kwana 30, kashi 39.7 cikin ɗari sun rasu a nan, 41.3 a can. Kusan babu bambanci. Haka a 2023 aka gwada babban injin da ke fitar da jini waje ya sa masa iska ya mayar, shi ma kashi 47.8 suka rasu a masu injin, 49 a marasa shi.

Alhaji Mai Goro: To kun ji. Ashe duk cin kuɗi ne na Turawa.

Abdul-Karim: A'a Baba Alhaji, ban ƙarasa ba. Shi Impella an gwada shi a Danmak da Jamus da Birtaniya, sakamakon ya fito a 2024. Shekara goma suka yi kafin su tara mutum 355, don tsananin zaɓe: sai wanda jijiya ta toshe masa zuciya ta durƙushe, kuma bai yi doguwar suma ba. Bayan wata shida, 45.8 cikin ɗari na masu famfo sun rasu, marasa famfo 58.5. Wato in an sa wa mutum takwas, an ceci ɗaya da zai tafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai waɗanda suka buƙaci wankin ƙoda sun kai 41.9 cikin ɗari a masu famfo, 26.7 a ɗaya ɓangaren. Kuma a wannan shekarar dai hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mafi tsanani kan yadda bakinsa ke iya huda bangon zuciya, ta ambaci mutum 129 da suka ji mummunan rauni, 49 daga ciki suka rasu. Ba a janye shi ba, an sake rubuta ƙa'idar sa shi ne.

Alhaji Mai Goro: Ɗazu kun ce ba ya aiki, yanzu kun ce yana aiki. Ku ƴan boko ba a kama ku.

Hajiya Rabi: Alhaji, kai ma ɗazu ka ce a sayar da garka, yanzu ka ce cin kuɗi ne.

Ɗan Adar: Nawa ne kuɗinshi ma tukuna?

Abdul-Karim: Tiyon kaɗai dala dubu 20 zuwa 25, dalar Amurka ba tamu ta tamma biyar ba. Wajen miliyan 12 zuwa 15 na sefa. Sau ɗaya ake amfani da shi a jefar. Ban da kuɗin ɗaki, jini, wankin ƙoda, jirgi da masauki. Kamfanin da ke yin sa, Abiomed, Johnson & Johnson ta saye shi a 2022 kan dala biliyan 16.6, ka san ba sadaka suka shiga yi ba.

Ɗan Adar: Garkar tamu dillali ya ce miliyan huɗu, in an yi sa'a.

Sule Boukoki: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Duk lokacin da aka kawo maganar wani sabon abu sai masananmu su taso da "ba namu ba ne, mu talakawa ne". Haka aka ce da maganin sida. A shekarar 2000 kuɗinsa ya kai dala dubu 10 a shekara ga mutum ɗaya, manyan duniya suka ce Afirka ba za ta iya ba, wai ko agogon shan magani ba mu da shi. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar a dala 350. Yau kyauta ake karɓa. Da an bi ta masu cewa a haƙura fa? Wankin ƙoda ma da sai an fita waje, yau ana yi a asibitin Lamorde. An gina babban asibitin Référence mai gado 500 a nan Yamai, don me aka gina shi in ba don irin wannan ba? Masu hali suna hawa jirgi da kuɗin ƙasa, mu a ce mana mu rage gishiri.

Dakta Hamisu: Malam Sule, rabin maganarka na sa hannu. Ban ce har abada ba, kuma ranar da Indiya ko Sin suka fitar da nasu da araha lissafin zai canza. Amma ƙwayar sida kana ba mutum ya sa a aljihu ya koma ƙauye. Wannan kuwa ƙarshen wata doguwar igiya ce, in babu farkonta ba ya ɗaure komai.

Majo Balki: Bari in ƙirga maka igiyar, Sule, don mu ke riƙe da ita. Daga Tawa zuwa Yamai kilomita wajen 550, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wuni guda a mota. Wanda zuciyarsa ta durƙushe ba ya kai Dutsi. In ya iso, ana son likitan da zai buɗe jijiya ƙarfe uku na dare, ba gobe da hantsi ba. Ana son ma'aikaciyar jinya ɗaya a kansa shi kaɗai, wadda ta san kukan injin. Ana son jini leda shida irin na mijin Malama Zara, alhali mu mai haihuwa tana zubar da jini sai mun aika dangi su nemo masu bayarwa. Ana son wuta, batirin injin awa ɗaya yake riƙewa, kuma kowa ya tuna yadda muka kwana bayan Najeriya ta yanke layi a watan Agustan 2023. Ka ba ni miliyan 15 ɗin nan yau, na'urar awon bugun zuciya zan saya wa asibitocin karkara, in koya wa yara karanta ta, in ajiye allurar narkar da gudan jini a kowane babban gari.

Sule Boukoki: Kullum ƙaramin abu dai.

Abdul-Karim: Ba ƙarami ba ne, yaya Sule. A 1988 an gwada a kan mutum sama da dubu 17 da jijiyar zuciya ta toshe musu. Asfirin kaɗai ya rage mutuwa da kashi 23 cikin ɗari, allurar sitireptokinas mai narkar da gudan jini da kashi 25, in an haɗa su 42. Asfirin fa, na jika ɗaya ya ishi unguwa. Da daren da ciwon ya kama Baba an samu wanda ya yi masa awon nan ya gane, da wataƙila yau 45 ke kan takardarsa ba 30 ba.

Sule Boukoki: Na ji. Amma ku rubuta ku ajiye, in ba mu fara nema ba, jikokinmu ma wannan hirar za su yi. A yi duka biyun.

Maman Nafisa: Ku yi haƙuri in karkata kaɗan. Ƙanwata ta rasu bara, wata biyu bayan haihuwa, shekararta 23. Kumburi da haki irin na Baba, aka ce zuciya ce ta buɗe. Daren ƙarshe jikinta ya yi sanyi ƙalau tana kiran sunan jaririn. Dakta, ita wannan famfon zai yi mata amfani?

Dakta Hamisu: Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. Zan gaya miki gaskiya: mai yiwuwa ne. In akwai waɗanda nake kwana da tunaninsu in ana maganar injin nan a ƙasarmu, su ne masu jego, ba tsofaffi masu toshewar jijiya ba. Zuciyarsu ba tabo gare ta ba, rauni ne, kuma da yawa tana dawowa cikin watanni in sun tsallake mummunan makon. A waje ana sa musu shi don wannan. Ciwon kuwa ƙasar Hausa na cikin inda ya fi yawa a duniya. A Zariya cikin shekarun 1970, Davidson da Parry sun ƙiyasta mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, suka ɗora laifin kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. A nan Yamai kuma Arnaud Cénac da abokan aikinsa suka nuna a 1992 cewa masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari, seleniyom, a jininsu.

Hajiya Rabi: A nan kam zan yi magana. Haihuwa tara na yi, kowace da wankan ruwan zafi kwana arba'in da kunun kanwa, ga ni ina hawa bene. Uwata haka, kakata haka. Komai sai a ce al'ada ce.

Dakta Hamisu: Hajiya, ba ku kaɗai ba, Farfesa Kamilu Karaye na Kano ma da ya sake bincike bai ga al'adun sun bambanta masu ciwon da marasa shi ba, ya fi ganin talauci da ƙarancin seleniyom. Don haka ban ce kunu ke kawo shi ba. Amma wadda zuciyarta ta riga ta raunana, kanwa tana tara mata ruwa a jiki. In kun ga mai jego tana haki in ta kwanta, tana tari da dare, ƙafa ta kumbura, a ajiye kunun a kai ta awo ran nan, kada a ce sanyin jego ne.

Hajiya Rabi: Wannan na yarda. Wanka dai ba zan hana jikokina ba.

Maman Nafisa: Mu ma sanyi muka ce. Mako uku.

Ɗan Adar: Allah shi jiƙanta. Lokotoro, to mu yanzu mi za mu yi? Yayana zai ce na shiga waya anka hure mini kunne.

Dakta Hamisu: Kada ka ce masa "a'a", ka ce masa ku je tare wurin likitan da ke duba Baba kafin sallama, ku yi tambaya uku. An duba jijiyoyin zuciyar da hoton da ake zura siririn tiyo? In an duba, akwai wadda buɗe ta zai ƙara wani abu? In akwai, ana iya yi a gida ko sai waje? In amsar ta kai ku waje, to tafiya ce mai dalili, kuma a aika takardun tukuna su faɗi kuɗi a rubuce kafin a taɓa garka. Don kada in ɓoye maka, a irin wannan aikin ne kaɗai Baba zai iya haɗuwa da famfon, na ƴan awoyi, in likitocin sun ga buɗe jijiyar na da haɗari. Su za su yanke, ba ku za ku je saye ba.

Sauran aikin na magungunan da aka rubuta ne. Su ne aka tabbatar suna tsawaita rai a irin halinsa, kuma a hankali ake ƙara su, don haka kada ya tsallake ranar komawa. Bayan wata uku a sake eko, sau da yawa adadin yana hawa. Kuɗin magani na kowane wata har ƙarshen rai, garkar ce za ta biya shi.

Majo Balki: Ƙara da nawa. Ban da kanwa, a rage gishiri da dunƙulen miya, a raba masa tukunya in ya kama. Kilishi da yajin tsire sai dai ya ji ƙamshi. Kada a saya masa maganin ciwon jiki wurin masu talla a faranti, irin su dikulofenak suna riƙe ruwa suna ɓata ƙoda. Kuma a auna nauyinsa kowace safiya bayan ya yi fitsari, a rubuta a littafi. In ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne ba ƙiba ba, a kai shi ko bai yi kuka ba.

Alhaji Mai Goro: Ni dai na faɗi tawa. In abu ya faru kada a ce ba a faɗa ba.

Ɗan Adar: Mun ji, Baba Alhaji, Allah shi bar girma. Na tura ma yayana hirar ga duka. Ya karanta, bai amsa ba, sai dai ya kira dillalin ya ce a dakata zuwa Juma'a. Gobe da sahe za mu shiga wurin lokotoro tare. Majo, sikelin ga na awon mutum ina aka samun shi Tawa?

Majo Balki: Duba manyan shagunan magani, ko ka saya nan Yamai kafin ku taso, ya fi sauƙi.

Illa mai gyaran inji: In ba ka samu ba akwai nawa na albasa, har kilo ɗari shika ɗauka. Sai dai na ratayewa ne, ka tambayi Baba in ya yarda a sa shi buhu.